Rakiyar Baba Maina

Duk shekara sai an samu ɗalibi guda da zai ɗaga hannu a aji ya ce, "Malam, wai da gaske aikinka zaman majalisa ne da shan shayi?" Sauran su kwashe da dariya, ni ma in taya su, don ba ƙarya ya yi ba. Shayin da na sha tsakanin Nguru da Gashuwa ya isa a yi ban-ruwan ƙaramar gonar albasa. Sai dai duk wanda yake ganin nazarin maza abu ne mai sauƙi, ina roƙonsa ya je ya zauna kusa da wani magidanci ya tambaye shi abin da yake tsoro a duniya. Zai ce masa, "Allah kaɗai," ya miƙo masa kofi, ya koma maganar tsadar taki. Daga nan aikina yake farawa, kuma saboda ku masu dariya na zauna rubuta wannan.

Ni mai binciken zamantakewa ne, kuma a kan maza na ƙarar da ƙuruciyata: yadda ake koya wa yaro zama namiji, abin da ake jira daga magidanci, abin da yake ɓoyewa, da abin da ɓoyewar take jawo masa shi da iyalinsa. Iyayena mutanen Haɗejiya ne da fatauci ya zaunar a Nguru. Mahaifina hatsi yake sayarwa kusa da tashar jirgin ƙasa. Ranar da na gaya masa abin da zan karanta, sai ya ajiye mudu ya dube ni ya ce, "Maza kuma? To ga ni nan, karanta." Har ya koma ga Allah, in abokansa suka tambaye shi aikin ɗansa, cewa yake malamin makaranta ne, ba ya ƙara komai a kai.

Wadda ta koya mini sana'ar nan mace ce, Malama Hajara, malamata a jami'a. Ta daɗe tana bincike a cikin mata masu turara shinkafa a Gashuwa, kuma ta lura rabin hirarsu a kan mazajensu ne: wane ba ya cin abinci, wane ba ya barci, wane ya koma faɗa ba dalili. Ta ce mini, "Na ji gefen mata har na gaji. Kai kana da hula, je ka zauna inda ba zan iya zama ba." Mace ce mai tsanani. In ka kawo mata aikin ha'inci ba ta faɗa, sai dai ta mayar maka da shi ta ce ka sake, kuma za ka gwammace ta zage ka.

Aikin farko da ta tura ni, kasuwar kifi ta Nguru ce, wajen 'yan dako masu sauke kwalayen banda daga mota. Na je da farar riga a goge da tarin takardun tambayoyi. In tsayar da mutum, in tsaya a gabansa ido cikin ido, in karanto masa: yaya lafiyarka, kana da damuwa a gida, wa kake gaya wa in abu ya dame ka. Kowa ya ce lafiya lau. Akwai wani da yake ɗingishi saboda ƙaba, yana dafe da mara yana amsa mini, shi ma lafiya lau ya ce. Na koma wa Malama da buhun alhamdulillahi, ina ganin na yi aiki.

Ta duba shafi biyu ta ture sauran gefe. "A tsaye ka tambaye su?"

"A tsaye, Malama."

"Kana kallon idonsu?"

"To ina zan kalla?"

"Alƙali ne yake yi wa namiji haka, ko surukinsa. Koma. Ka bar takardun nan a gida, ka nemi abin da za ka riƙe a hannu."

Na koma na yi watanni ina taya su ɗaure kwali da igiya, har warin banda ya kama fatata, matata ta ware mini sabulu na daban. A nan na fara gane abin da littafi bai gaya mini ba. Namiji a ƙasar nan ba ya buɗe cikinsa in kana fuskantarsa. Sai kun zauna kafaɗa da kafaɗa, hannu yana aiki, ido yana kan wani abu daban, sannan magana take fitowa, ita ma a karkace. Kuma ba ya taɓa cewa "ni". Cewa zai yi, "Akwai wani abokina." Abokin nan ne matarsa ta fi shi samu, abokin nan ne ɗansa ya ɗaga masa murya ya shiga ɗaki ya yi hawaye. Dokar sana'armu ta farko ita ce ba a yaye wannan mayafi. Ranar da ka ce wa mutum, "Ai kai ne," ranar ka rasa shi, kuma ka rasa majalisarsa baki ɗaya.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai 'yar rikoda da nake kunnawa sai da izinin mutum, akwai tsohon babur da ya san hanyar Katuzu da Dagona fiye da ni, akwai tabarma. Daga baya na ƙara da allurar katako ta gyaran taru, wadda har yau tana cikin aljihun jakata. Amma babban kayan aikin shi ne iya zama. Za ka zauna wuni guda ana gardamar ƙwallo da siyasa ba ka samu komai ba, ka dawo gobe, ka dawo jibi. Ɗaliban yanzu suna so su tura tambaya ta waya da safe su samu amsa kafin azahar. Za su samu, amma lafiya lau za su samu.

Masu neman aikinmu kuma iri-iri ne, kuma yawancinsu da amsarsu a aljihu suke zuwa. Wata ƙungiya za ta zo tana so ka rubuta cewa mazan Arewa duk azzalumai ne, a gama cikin wata guda. Wani babban mutum zai kira ka gefe ya ce ka rubuta cewa matan zamani ne suka lalata gidaje. Duka biyun na sha sallamarsu, kuma na sha asarar aiki a kan haka. Na ga maza masu zalunci, na rubuta su ba sassauci. Na kuma ga maza da nauyi yake kashe su a tsaye suna murmushi, su ma na rubuta su. Wanda ba zai iya riƙe biyun a kansa ba, ya nemi wata sana'ar.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa a Dagona na yi shi, cikin masunta. A can na haɗu da mutumin da zan kira Baba Maina. Dogon mutum ne, ɗan ƙabilar Bade, mai babbar murya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana da taru, wato babbar ragar nan da sai mutane da yawa sun haɗu suke janta, kuma gidaje da dama a kan tarun nan suke ci. Al'adarsu ita ce mai taru shi yake fara shiga ruwa da asuba, kafin yaransa su biyo. In sanyi ne shi zai fara sha, in akwai rami a ƙasa ƙafarsa ce za ta fara sani. A kan wannan ake girmama shi, kuma a kan wannan mutane suke zaɓar wanda za su bi.

Da la'asar ake zama ƙarƙashin wata tsamiya ana gyaran raga, kuma nan ce majalisarsu. Baba Maina ne ya koya mini ƙulli, bai kuma taɓa yaba mini ba. Zai ɗaga inda na ɗinke ya nuna wa jama'a ya ce, "Ku dubi aikin Malam. Wannan ko tarwaɗa mai ƙwai za ta wuce da sallama." Su yi ta dariya, su juya zuwa yarensu na Badanci su ƙarasa ni a can inda ba na ji sosai. Ban damu ba. Wanda ake tsokana a majalisa ya zama ɗan gida.

Sai mummunar shekara ta zo, kuma ba ta zo da abu ɗaya ba. Lokacin tsaro ya taɓarɓare a jihar, duk baƙon da yake yawo da rikoda yana tambayar maza labarinsu abin zargi ne. Wata rana aka kai ni gaban Bulama, mai garin, a kan ana jin ni ɗan leƙen asiri ne. Baba Maina ne ya je ya tsaya ya ce, "Wannan ko ƙulli bai iya ba, asirin wa zai leƙa?" Aka sake ni, amma rikoda ta koma ƙasan akwati. Masu ɗaukar nauyin binciken suka janye, abokan aikina suka ce in tattara in dawo ofis. Ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya yi ƙaranci. Na ƙi tafiya, ina zuba wa babur mai daga albashina, saboda wani abu da na fara gani a ƙarƙashin tsamiyar nan.

Maza suna ɓacewa daga majalisa. Mutum zai fara rama, fuskarsa ta ɗan kumbura da safe, ƙafarsa ta cika da yamma. In an tambaya ya ce gajiya ce. Sai wata rana a ji an ɗauke shi ranga-ranga zuwa Gashuwa, likita ya ce ƙoda ce, kuma an makara. Haka ta faru da Sale, ƙanin Baba Maina. Yana jan taru har makon da takalmi ya ƙi shiga ƙafarsa. Ranar da aka ɗauke shi, rabin majalisa suka cika a-kori-kura suka raka shi, suka kwana biyu a barandar asibiti suna jiran tsammani. Aka ce sai wankin ƙoda, wankin kuma a wani gari mai nisa, jikinsa bai kai ba.

A wajen zaman makoki na ji abin da ya fi damuna. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce, "Allah Ya jiƙan Sale. Bai taɓa kwanciya ba. Ya yi ta maza har ƙarshe." Yabo suke yi, da zuciya ɗaya. Ni kuwa haushi ya cika ni, don na san wannan yabon ne ya kashe shi, kuma ga matasa nan zaune suna ji suna haddacewa.

Ma'aikatan lafiya sun yi nasu ƙoƙarin. Suka zo da mota da lasifika suna shela cewa gwaji kyauta ne, duk mai jin alamun kaza da kaza ya fito. Mata suka fito da 'ya'yansu suka yi layi. Maza suka zauna a ƙarƙashin tsamiya suna kallo kamar ana tallan atamfa. Wani matashin ma'aikaci ya ce mini jahilci ne. Na ce masa ba jahilci ba ne, kowa a nan ya san ciwon, sun binne 'yan'uwansu. Amma shelar cewa ta yi mai ciwo ya fito. Duk namijin da ya tashi ya shiga layin nan ya sanar wa gari cewa ya gaza. In mai taru ne, kafin sati yaransa sun fara neman wani tarun. Mutum zai zaɓi ya mutu da jama'arsa a bayansa da ya rayu yana kallon an watse an bar shi.

Bayan arba'in ɗin Sale na lura Baba Maina ya canza zama. Da can naɗe wando yake yi har gwiwa ya miƙe ƙafa. Yanzu wandon yana jan ƙasa, kuma in ya zauna sai ya tara raga a kan ƙafafunsa. Na ga takalminsa na roba a gefe, an tsaga bakinsa da wuƙa. Na ci gaba da ɗinkina. Wata la'asar jama'a suka tashi salla suka bar mu mu biyu muna ƙarasa ɗinke wani wuri da ya yage, idonsa a kan allura, nawa ma haka.

"Malam," in ji shi, "akwai wani abokina a can Katuzu."

"Allah Sarki. Me ya same shi?"

"Ƙafarsa takan cika da yamma. In ya yi fitsari sai kumfa ta tsaya. Kansa kuma yana sarawa ta ƙeya. Kullum da asuba sai ya haɗiyi ƙwayar ciwon jiki ta kemis kafin ya iya fita. Me littattafanku suka ce?"

"Baba, ni ba likita ba ne. Amma abokin nan naka yana bukatar a gwada jininsa da fitsarinsa, kuma ba wata mai zuwa ba."

"Ba zai je ba."

"Ko a ɓoye?"

"Ina ɓoye a asibitin Gashuwa? Kafin ya karɓi kati labari ya riga shi gida. Yana da mutane a bayansa, Malam. In ya kwanta, su wa za su bi?" Ya ja zare ya datse da haƙori. "Bar shi kawai. Zai yi ta maza."

Na hau babur na kama hanya raina a jagule. Mutumin nan zai mutu kamar ƙaninsa, kuma ni kaɗai ya gaya wa. In na ce masa na san shi ne, zai musa, ya daina zama kusa da ni, ya ƙara ɓoyewa. In na je wajen matarsa ko Bulama, na ci amanar da ita ce jarin sana'ata, kuma na jawo masa tonon asirin da yake gudu. Wasu abokan aikina za su ce mai bincike kallo ne nasa, ya rubuta abin da ya gani ya wuce. Ni ban taɓa yarda da wannan ba. Na ƙudura a raina cewa sai an ɗebi jinin Baba Maina, kuma ba tare da an taɓa girmansa ba.

Hanyar kuwa na riga na gan ta da idona, ban dai kula ba. Ranar da aka kai Sale, su wa suka cika barandar asibiti? Mazan nan ne da ba za su taɓa shiga layin gwaji ba. Namiji a nan ba ya kai kansa asibiti, amma ba ya ƙin rakiya. In aboki ya ce ka raka shi ka ƙi, ka yi abin kunyar da za a daɗe ana faɗa. Ɗan rakiya kuma da ƙarfinsa yake shiga, kowa ya gan shi ya san taimako ya zo yi. Abin da ya rage shi ne a samu mara lafiyar da za a raka, wanda zubewar girmansa ba za ta rushe gidan kowa ba. Na duba ko'ina ban ga wanda ya fi ni dacewa ba.

Na bari sai da majalisa ta cika, don ina so kowa ya ji. Na ajiye allura na ce, "Baba Maina, ina da roƙo. Ana ta cewa duk mai zama a yankin nan ya je a gwada ƙodarsa, ni ma ya kamata in je. Sai dai ni tsoron allura nake ji. In na je ni kaɗai, daga bakin ƙofa zan juyo. Ka raka ni."

Ba ƙarya na yi ba, tun ina yaro nake tsoron allura. Amma faɗin haka a gaban masunta wani abu ne daban. Majalisa ta ɗauka da shewa. Wani ya ce malamin jami'a guda, wani ya ce a nemo masa zane. Na sunkuyar da kai na bar su suka more. Baba Maina kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya daɗe yana dubana, kuma na tabbata ya gane sarai.

"Ku bar shi," ya ce. "Baƙonmu ne. Ranar kasuwa taru ba ya fita, sai in kai shi."

Ranar kasuwa na goya shi a babur har Gashuwa. Duk wanda muka gamu da shi a hanya, Baba Maina ne yake riga ni magana: "Malam zan kai asibiti, tsoro yake ji." A ɗakin gwaji wata nas ta ɗaure mini hannu ta ɗauko allura, na janye na ce wallahi sai na ga an yi wa wani tukuna. Ta ce ita ba ta da lokacin wasa, ga layi a waje. Sai Baba Maina ya yi tsaki ya naɗe hannun rigarsa.

"Kai Malam, kana ba maza kunya. 'Yata, fara da ni ya gani. Duk abin da za ki yi masa, yi mini."

Aka auna jininsa, aka ɗiba, aka ba shi 'yar kwalbar fitsari, ni ma aka yi mini, idona a rufe. Da sakamako ya fito likita ya kira shi ciki. Na zauna a baranda, don abin da za a faɗa a ɗakin nan ba nawa ba ne. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai da muka je wajen babur, yana gyara hula yana kallon titi, sannan ya yi magana.

"Abokin nan nawa na Katuzu. An ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ƙodarsa. Ta taɓu, amma ba ta ƙare ba. An ce ya bar ƙwayar kemis, ya rage gishiri, ya riƙa shan magani kullum, ya kuma dawo duk wata."

"Allah Ya ba shi lafiya," na ce. "Ni ma ina ganin zan riƙa dawowa duk wata. In ba za ka gaji da rakiya ba."

"To ya zan yi da kai," in ji shi.

Haka muka yi shekaru. Duk wata sai in bayyana a Dagona in ce lokacin asibitina ya yi. Gari ya yanke hukunci cewa babu ragon namiji mai yawan ciwo kamar ni. Labari har ya kai Nguru, wata gwaggon matata ta zo takanas ta duba ni da ƙullin sassaƙe. Na karɓa na yi godiya. Baba Maina kuwa da kansa ya nemo hanyar barin shiga ruwan sanyi. Ya tara yaransa ya ce ya gaji da yadda suke jan taru a karkace, daga yau zai hau jirgi ya tsaya a tsakiya yana duba su, babban ɗan Sale ya riƙa fara shiga. Ya faɗe shi da faɗa, suka karɓe shi a matsayin faɗa. Babu wanda ya bar tarunsa.

Abin da ban shirya ba shi ne yadda abin ya bazu. Wata rana na ji Baba Maina yana ce wa wani maƙwabcinsa da fuskarsa ta fara cika, "Gobe ka zo mu raka Malam, ni kaɗai ba na iya riƙe shi." Muka tafi mu uku, aka ɗebi jinin mutum uku. Daga baya suka daina bukatata ma. Sai ka ga magidanta biyu a kan babur, kowanne yana gaya wa mutane ɗayan ya rako. Na rubuta wannan a bincikena, ba suna ba garin kowa, na kuma zauna da ma'aikatan lafiya na ce su ajiye lasifika, su riƙa tayin gwaji ga duk namijin da ya rako wani. Wasu sun ji, wasu sun ce ba haka aka tsara ba, na koma na sake gaya musu, kuma har yau ina komawa. Ba kowa aka ceto ba. Mun binne waɗanda aka rako a makare, kuma kowannensu yana nan a raina. Amma akwai masu jan taru yau da na san da tuni an yi musu addu'ar arba'in.

To, ku masu cewa shan shayi ne, wannan ita ce sana'ar. Za ku zauna har ƙafa ta yi tsami, a yi muku dariya ku haɗiye, ku ji sirrin da ba za ku taɓa faɗa da suna ba. Kuma kada ku ɗauka sanin abin yana fitar da mutum daga cikinsa.

Bara na je Dagona gaisuwa, furfura ta riga ta cinye kaina, Baba Maina kuma ya tsufa sosai, sai dai muryar tana nan. Rabona da asibiti an daɗe, tunda ya samu masu kai shi. Muna zaune ƙarƙashin tsamiya ina ɓata masa raga kamar kullum, hira ta kawo mu kan aiki, na ce masa akwai wani abokin aikina da jiri yake ɗiba in ya miƙe, ga ciwon kai ta ƙeya, amma jarrabawar ɗalibai ta sa shi gaba, ya ce sai an yi hutu zai je a duba shi. Baba Maina bai ɗago ba. Ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya ci gaba da ƙulli. Ni har ga Allah na manta ma na yi maganar.

Ranar kasuwa da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana a Gashuwa, inda nake koyarwa. Na fito na tarar da shi ya sauko daga a-kori-kura, da sandarsa da sabuwar hula.

"Baba, lafiya? Ai da ka aiko na zo."

"Asibiti za ka raka ni."

Na san ba lokacin ganin likitansa ba ne. Na buɗe baki zan ce takardun jarrabawa suna jirana, ya tsare ni da ido, irin kallon da ya yi mini a majalisa shekarun baya. Na koma ciki na ɗauko hula. A ɗakin gwaji nas ta ɗauko allura ta nufo shi, sai ya janye hannu ya ɓoye a cikin riga.

"'Yata, tsufa ya sa mini tsoron abin nan," ya ce. "Fara da Malam in gani."

Na naɗe hannun rigata na miƙa.